Kaji Masu Baƙin Zanko: Yadda Za Ka Bambance Su Kafin Ka Zaɓa

Idon mai kiwo ya saba da jan zanko. Shi ya sa duk ranar da mutum ya ga kaza da zanko baƙi ko mai ruwan hanta, naman haɓarta ma ya rine, wato naman nan biyu masu reto a ƙarƙashin baki, sai ɗayan tunani biyu ya zo masa: ko dai kazar ba ta da lafiya, ko kuma ya yi gamo da Ayam Cemani, baƙar kazar Indunusiya da hotunanta suka cika intanet. Sau da yawa duka biyun kuskure ne. Zanko shi kaɗai ba ya faɗin irin kaza. Sai an kama ta a hannu, an ɗaga fiffike, an buɗe baki, an ƙirga yatsu, an duba tafin ƙafa.

Kafin a shiga maganar iri, a fara kawar da ciwo, domin shi ne ba ya jira. Baƙin gado, wato wanda kaza ta gada daga iyayenta, ba ya zuwa dare ɗaya. Kazar da zankonta yake ja jiya, yau aka wayi gari ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan hanta, jininta ne ba ya samun isasshiyar iska. Ciwon zuciya yana jawo haka, musamman ga kajin nama masu saurin girma. Cutar numfashi ma tana jawowa, haka kwalarar kaji, wadda takan haɗa da kumburin naman haɓa. Mafi muni ita ce murar tsuntsaye: kai ya kumbura, zanko ya rine, jini ya taru a ƙarƙashin fatar ƙafa, kaji su riƙa mutuwa ba zato. Wanda ya ga haka ya ware kazar nan take, kada ya fitar da ko guda daga garken, ya kira likitan dabbobi. Akwai kuma baƙin da ba na dukan zanko ba. Ɗigo-ɗigon baƙi masu ɓawo yawanci ƙurajen nan ne da sauro ke yaɗawa tsakanin kaji, ko busasshen jini daga saran 'yan uwa. A ƙasashe masu tsananin sanyi kuwa, tsinin zanko kan daskare ya yi baƙi ya faɗi. Baƙin gado sumul yake, bai ɗaya, tun ƙuruciya, kuma kazar tana ci tana sha tana tonon ƙasa abinta.

Sai kuma abin da ya fi ruɗar sababbin masu kiwo. Budurwar kaza mai baƙin gashi, irin Australorp ko Jersey Giant, takan taso da ɗan zanko mai duhu kamar an shafa masa gawayi. Mai ita ya yi ta murna ya samu baƙar kaza ta musamman. Da ta kai wata 5 zuwa 6 ta kusa fara ƙwai, sai zankon ya cika ya koma ja wur. Tun kafin lokacin ana iya ganewa: ɗaga fiffike ka hura gashin. Fatar Australorp fara ce, tafin ƙafarta fari mai ɗan ja. Jersey Giant kuma fatarta da tafin ƙafarta rawaya ne. Kama da wane ba ta wane.

To, idan ba ciwo ba ne, ba kuma ƙuruciya ba, kajin da suka rage sun kasu gida biyu, kuma wannan rabuwar ce ginshiƙin zaɓi. Akwai waɗanda baƙin ya ratsa su har ciki: fata, nama, fatar da ke lulluɓe ƙashi, har kayan ciki. Akwai kuma waɗanda baƙin ya tsaya a fuska kawai.

Na farkon suna ɗauke da wani gado da ke sa ƙwayoyin da ke yin melanin, sinadarin da ke ba fata baƙin launi, su yaɗu a jiki fiye da ƙima. A shekarar 2011, wani bincike da masana suka yi tare da Leif Andersson na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya gano tushen abin: wani yanki na kuromosom na 20, ɗaya daga cikin zarurukan da ke ɗauke da gado a jikin kaza, inda ƙwayar gado mai suna EDN3 take, ya ninku. Abin sha'awa shi ne, sun samu wannan sauyi iri ɗaya a Silkie ta ƙasar Sin, da Cemani ta Indunusiya, da H'Mong ta Biyetnam, da Svarthöna ta Suwidin, alamar cewa duk daga tushe guda suka gaje shi. Gadon mai rinjaye ne, ko daga uwa ko uba kaɗai ya zo yakan nuna, sai dai ba ya kai duhun wanda ya gada ta ɓangare biyu. Wannan ne dalilin da ya sa ruwa-biyu suka yi yawa, kuma suke wucewa a matsayin na asali a wurin wanda bai san abin dubawa ba. Jininsu kuwa ja ne kamar na kowace kaza. Ƙwansu ma ba baƙi ba ne. Babu kazar da ke yin baƙin ƙwai, hoton da ka gani na tiren baƙaƙen ƙwai da sunan Cemani ko dai rini ne ko ƙwan wani tsuntsu.

Silkie ce mafi sauƙin ganewa, kuma ita ce ta fi yaɗuwa a duniya. Gashinta ba shi da 'yan ƙugiyoyin da ke haɗa zaren gashin tsuntsu wuri guda, don haka yake zama kamar auduga ko gashin kyanwa. Ba irin na fingi ba ne da ke lanƙwashewa waje. Wannan laushi ne da shi. Tun ƙarni na 13 Marco Polo, matafiyi ɗan Italiya, ya ba da labarin kaji masu gashi kamar na dabba da ya gani a tafiyarsa ta ƙasar Sin. Zankonta dunƙulalle ne kamar ɗan curi, mai ruwan hanta mai duhu, a gaban tukkun gashi. Fatar kunnenta shuɗiya ce mai haske, ƙafarta da gashi, yatsunta 5 maimakon 4. Akwai wasu kaji masu yatsu 5, kamar Dorking da Faverolles da Houdan da Sultan, amma su zankonsu ja ne, fatarsu fara. Kada launin gashi ya ruɗe ka: farar Silkie fat, idan ka buɗe gashinta, fatar baƙa ce mai shuɗi-shuɗi.

A wajen amfani, Silkie uwa ce. Ƙwanta ƙanana ne, wajen 100 zuwa 120 a shekara, domin rabin rayuwarta a kwanci take. Za ta kwanta a kan ƙwan kowa, na agwagwa ko na zabo, ta ƙyanƙyashe ta rena kamar nata. Ba ta tashi sama, ba ta faɗa, yara ma suna iya ɗaukarta. Rauninta kuma daga gashin nan yake: ruwan sama yana ratsa shi har fata, sanyi ya kama ta, tukkun yana rufe mata ido ba ta ganin shaho da wuri, manyan kaji kuma suna cin zalinta a wurin abinci. Bambance zakara da kaza a cikinsu ma sai sun yi watanni.

A nan zan ɗan tsaya, domin ina ganin yawancin kajin da mutane ke tambayar irinsu saboda baƙin zanko jikokin Silkie ne. Laushin gashinta gado ne mai ɓuya. Idan aka haɗa ta da wata kaza, 'ya'yan sukan fito da gashi irin na kowa, amma su riƙe duhun fata, da ɗan tukku, da gashi kaɗan a ƙafa, sau da yawa har da yatsa na biyar ko da a ƙafa ɗaya. Duk baƙar kazar da aka ce maka Cemani ce, ka ga ɗayan waɗannan alamu, to akwai Silkie a zuriyarta. Akwai ma wani abin lura: idan zakaran Silkie ya hau kaza mai farar ƙafa ko rawaya, 'ya'ya mata ne suka fi fitowa da baƙar fata, mazan su yi haske, saboda wani gado da ke hana duhun fata wanda uwa ke ba 'ya'yanta maza kaɗai. Shi ya sa a tsatso guda za ka ga kaji masu baƙin zanko da zakaru masu ja.

Ayam Cemani daga tsibirin Java take, yankin Kedu a tsakiyar tsibirin. Ayam na nufin kaza, cemani kuma, da ake furtawa kamar "cemani" a bakin Bahaushe, na nufin baƙi ƙirin. Wani mai kiwo ɗan ƙasar Holan, Jan Steverink, shi ya kai ta Turai a 1998, daga nan sunanta ya bazu. Siffarta ta saɓa da ta Silkie ta kowace fuska: gashi mai santsi manne da jiki, mai walƙiyar kore a rana; tsayuwa a miƙe irin ta zakarun faɗa; zanko guda a tsaye mai haƙora kamar zarto; ƙafa ba gashi; yatsu 4; babu tukku. Zakara kan kai kilo 2 zuwa 2.5, kaza kilo 1.5 zuwa 2. Abin da ake nema a cikinta shi ne baƙi ko'ina: zanko, naman haɓa, fatar kunne, baki, ido, ƙafa, farce, fatar ƙarƙashin fiffike, har dubura.

Wurin da gaskiya ke fitowa shi ne cikin baki. Buɗe shi a hasken rana ka dubi harshe da ganɗa. Na ƙwarai baƙi ne ko toka mai duhu. Idan ka ga ja-ja ko fari, gadon bai cika ba. Amma a yi adalci: ko a garken asali, ba kowane ɗan tsako ne ke fitowa baƙi wuluk ba. Wasu za su zo da farin farce, wasu da harshe mai toka-toka, wasu zakarun kuma da sun balaga sai ja ya fara ɓullowa a naman haɓa, ko jan gashi ya keto a wuya. Masu kiwonta na gaske suna ƙyanƙyasar da yawa su zaɓi kaɗan, shekara da shekaru. Wannan wahalar ce ta sa take da tsada, ba yawan amfaninta ba. Ƙwanta mai ruwan madara ne, wajen 60 zuwa 100 a shekara, takan yi na ɗan lokaci ta tsaya ta huta, kuma ba ta cika kwanci ba, sai ka nemi injin ƙyanƙyasa ko wata kazar da za ta kwanta mata. Tana jure zafi, tana da kaffa-kaffa da saurin firgita. Ni a ganina kazar mai sha'awar gyaran iri ce, wanda ke da haƙurin zaɓe da wurin ware zakaru. Wanda ƙwai yake so, ko nama mai auki, zai yi da-na-sani.

Svarthöna, baƙar kazar Suwidin, ita ce aka fi rikitawa da Cemani, kuma a hoto da wuya ka raba su. Ta fito daga yankunan Bohuslän da Dalsland, kusa da iyakar Norwe, inda ta daɗe a hannun manoma tana kiwon kanta. Ta fi Cemani ƙanƙanta, zakara bai cika wuce kilo 2 ba, kaza wajen kilo 1.5, jikinta kuma bai miƙe kamar na Cemani ba, ya fi kama da na kazar gida. Ba a matsa mata da zaɓen baƙi ƙirin ba, don haka zakara mai zanko ruwan hanta ba aibi ba ne a cikinta. Ta fi Cemani yawan ƙwai, ko da yake ƙanana ne, ana samun masu kwanci a cikinsu, tana tashi sama sosai. Babban abin da ta fi sauran da shi shi ne jure sanyi. Wanda ke zaune a ƙasar da ƙanƙara ke zuba, ita ce tasa. Matsalarta ƙaranci: samun ta asali a wajen Turai da Amurka abu ne mai wuya.

Kadaknath ta Indiya ce, daga yankin Jhabua da kewayensa a jihar Madhya Pradesh, inda al'ummomin Bhil da Bhilala suka daɗe suna kiwonta. A can suna kiranta Kali Masi, wato mai baƙin nama, kuma a 2018 hukumomin Indiya suka yi wa namanta rajistar da ke danganta shi da Jhabua. Abin da ke raba ta da Cemani a ido shi ne, ba dole gashinta ya zama baƙi duka ba. Launi uku aka sani: baƙa ƙirin, da mai ruwan zinariya a wuya da kai, da mai zanen fari-fari a wuya. Don haka ruwan zinariyar da zai zama aibi a wuyan Cemani, a Kadaknath halinta ne. Fatarta da ƙafarta sun fi karkata zuwa toka mai duhu, zanko da naman haɓa da harshe kuma ruwan hanta zuwa baƙi. Zakara kilo 1.8 zuwa 2, kaza ƙasa da haka, ƙwai mai ruwan ƙasa-ƙasa wajen 80 zuwa 100 a shekara, ita ma ba gwanar kwanci ba ce. Girmanta a hankali yake, amma ta saba da zafi da fari da neman abinci da kanta. A Indiya ana kiwata ta don nama a matsayin sana'a.

Akwai kuma H'Mong ta tsaunukan arewacin Biyetnam, da Ogye ta Yeonsan a Koriya ta Kudu, wadda gwamnati ta sa cikin abubuwan gadon ƙasa a 1980. Da wuya su zo hannunka a wajen ƙasashensu.

Gida na biyu, masu baƙin fuska kawai, sun fi ban sha'awa fiye da yadda ake ba su daraja. Sumatra ce babbarsu. Daga nesa baƙa ce mai walƙiyar kore fiye da ta Cemani ma, fuskarta da zankonta masu duhu, har mutum ya rantse Cemani ce. Amma dubi zankon: ɗan mitsitsi ne mai layi uku manne da kai, naman haɓa kuwa kusan babu. Wutsiyar zakaran doguwa ce tana sharar ƙasa, jikin a kwance, kuma sau da yawa ƙahon ƙafar da yake faɗa da shi ba ɗaya ba ne, biyu ko uku ne a kowace ƙafa. Juya ƙafar ka ga tafin rawaya, fatar jiki ma rawaya. An kai ta Amurka daga tsibirin Sumatra a 1847 a matsayin kazar faɗa, yau kuwa ta ado ce. Tana tashi kamar tsuntsun daji, ba ta son ƙunci, ƙwanta wajen 100 a shekara, kuma tana rena 'ya'yanta da kyau. Mai fili da bishiyoyi zai ji daɗinta, mai ɗan akurki zai wahalar da ita.

Sebright ba a rikita ta da kowa: 'yar ƙarama ce, ba ta cika wuce giram 600 da ɗan kai ba, kowane gashi ruwan zinariya ko fari da baƙin layi a gefensa kamar an zana. Sir John Sebright ne ya samar da ita a Ingila a farkon ƙarni na 19. Zankonta shimfiɗaɗɗe ne mai tsini guda a baya, ruwan hanta a kaji, zakarun yanzu kuwa da yawa nasu ya koma ja. Zakaran ba shi da dogon gashin wuya da na wutsiya, gashinsa irin na mace ne. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ƙwanta kaɗan, ba duka ke ƙyanƙyashewa ba, 'yan tsakin kuma ba su da ƙwari, cutar Marek tana kama su da sauƙi. Ba kazar fara koyon kiwo ba ce. Wasu launukan Modern Game, kajin Ingila masu dogayen ƙafafu, su ma fuskarsu ruwan hanta ce, alhali namansu irin na kowa ne.

Akwai asarar da duk mai zaɓen baƙin zanko zai ɗauka, kuma ba a cika faɗinta ba. Jan zanko madubin lafiyar kaza ne: idan ya koɗe ka san jini ya yi ƙasa, ko tsutsar ciki ko ƙwarin jiki sun yi yawa, idan ya cika ya yi ja ka san ƙwai ya kusa, idan ya rine ka san numfashi ko zuciya. A Cemani ko Silkie duk wannan ya rufe. Dole hannu ya maye gurbin ido: ka riƙa taɓa ƙashin ƙirji ka ji ko ta rame, ka auna tsakanin ƙasusuwan gindi da yatsu, in biyu ko uku sun shiga tana ƙwai, ka lura da kashinta da cinta da yadda take tsayuwa. Ƙananan ƙwarin da ke shan jini ma ba sa fitowa fili a kan baƙar fata, sai ka duba da fitila da dare, a jikinta da kuma sandar da take kwana.

Idan aka ce in zaɓar wa mutum, sai na tambaye shi me yake so da kazar. Mai son wadda za ta kwanta masa a kan ƙwai, ko kazar da iyali za su saba da ita, Silkie, muddin yana da rufin da ruwa ba ya shiga. Mai son baƙin nama a ƙasa mai zafi, Kadaknath. Mai sanyi, Svarthöna. Mai son baƙar kaza mai ƙayatarwa a fili, ba ruwansa da launin naman, Sumatra ta fi Cemani sauƙin riƙewa a kan siffarta, domin ba a bin harshenta da farcenta da zaɓe. Wanda kuma yawan ƙwai ne gabansa, babu ko ɗaya a cikin waɗannan da za ta kama ƙafar Australorp mai jan zanko, gara ya san haka tun yanzu.

Wanda ya nace sai Cemani, to ya guji sayen ƙwai daga wanda bai ga garkensa ba, wannan cinikin biri a sama ne, sai bayan kwana 21 zai fara sanin abin da ya saya, cikakken sani kuwa sai bayan watanni. Ya nemi ganin uban da uwar, ya kama su da hannunsa a hasken rana, ba a inuwa ko a hoto ba. Ɗan tsako na ƙwarai baƙi ne tun ranar farko, har tafin ƙafa da cikin baki, ba shi da farin gashi a ƙirji ko ciki kamar 'yan tsakin sauran baƙaƙen kaji. Idan kuma zakaran da zai riƙe don iri yake nema, ya saye shi bayan ya wuce wata 6 ya fara cara, domin a lokacin ne jan da ke ɓoye a zanko da naman haɓa yake fitowa in akwai shi.